Kunyar Ɗan Fari a Gidan Likitan Shanu

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, kuma taubashina ya riga ni. An rufe shi a Bukkuyum bayan la'asar, kusa da kabarin mahaifinsa, wanda yake kawuna, wan mahaifiyata.

Kwana uku ina zaune a ƙofar gida ina sauraron abin da masu gaisuwa ke faɗi. Tsofaffin Fulani sun sauko daga rugage, suka jingine sandunansu a bango, ɗayansu ya ce tunda yake bai ga mai hannu irin na marigayi ba, allurarsa ba ta sa nagge shuri. Liman ya ce sahun asuba ya yi giɓi. Wani tsohon ɗalibinsa da ya zo daga Gusau cikin babbar riga ya miƙe tsaye, abin da ba a yi a zaman makoki, ya ce Dokta ya sadaukar da rayuwarsa ga ilimi. Maƙwabcinmu, dattijon da ke gefena, ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Da rayuwarshi ɗai yab bayar, da da sauƙi." Daga jami'ar da ya yi wa bauta ba wanda ya zo. Ina jin waɗanda suka san shi can sun mutu, ko sun koma ƙasashensu.

Ranar sadakar uku ɗansa na fari ya iso da hantsi, mutum mai furfura a gemu, da sanda da hular kaba. Ƙannensa suka matsa, suka bar masa kan tabarma, wurin babban ɗa mai karɓar gaisuwa. Bai zauna ba. Ya durƙusa gabansu kamar kowane baƙo, ya ɗaga hannu, ya shafa, ya ce da muryarsa da ba ta hawa ba ta sauka, "Ya haƙuri?" Sa'an nan ya koma cikin makiyaya ya zauna. Kurma ne tun yana yaro, bakin mutane yake kallo ya gane magana. Rannan a zaman bai kalli bakin kowa ba.

Wannan zama nasa shi ya sa na ɗauki alƙalami. Masu yabo suna riƙe da rabin marigayin, masu raɗa suna riƙe da rabi, ni kuwa na san shi tun muna satar mangwaro, kuma ba na so a manta da shi ta kowane ɓangare.

Ya dawo daga Turai a ƙarshen shekarun saba'in da digirin dokta kan cutar sammore, wadda ke tsotse shanu har su zama ƙashi da fata. Mutanen gari suka ɗauka an gama, sai ofis da direba. Ba haka abin yake ba. Akwai wani mataki bayan digirin, wanda ba ɗalibi kake ba, ba kuma malami mai kujera ba. Ana ɗaukarka aikin wa'adi ƙarƙashin wani farfesa, ka yi masa bincike, in sakamako ya yi kyau a sabunta, in bai yi ba a sallame ka. Nasa farfesan Bature ne, yana zaune a jami'a, tafiyar yini guda a mota. Taubashina shi ne ƙafarsa a cikin daji. Nakan ce masa, "Dokta marar kujera." Shi kuwa, da yake ɗan namiji ne ni ɗan mace, sai ya ce, "Rufe mini baki, bawana, ɗauko akwati."

Na ɗauki akwatin nan ba sau ɗaya ba. A shekarun ina aikin tafinta ne ga fataken shanu da alhazai, in yi watanni a waje, in dawo in huta. In ina gida sai ya ja ni rugage, don Fillancinsa na kame-kame ne, ko da yake 'yar arɗo yake aure. Ana sallame asuba mu hau Landirobar aiki, mu bi hanyar Nasarawa Burkullu, mu riski shanu kafin a sake su kiwo. A kama saniya, ya laluba jijiyar wuya, ya cika 'yar kwalba, ya rubuta lamba. Kafin rana ta yi zafi mun juyo, yana tuƙi kamar an biyo mu, don ƙwayar cutar ba ta daɗewa da rai a kwalba. Maganarsa ke nan kullum: "Jini ba ya jira." In an tare shi da gaisuwa a hanya, ita ce amsa. In an ce ga abinci, ita ce amsa. A tsaye yake cin tuwo, hannu ɗaya a akushi, ido a kan agogo.

Shigifar kawu, inda a da ake karatun littattafai, ita ya mayar ɗakin gwaji. Tebur kusa da taga, madubin hangen ƙwayoyin cuta mai aiki da hasken rana, wani ɗan inji da ake juyawa da hannu ya raba jini da ruwansa, sai firji mai kananzir. Inna, mahaifiyarsa, ita ta raɗa wa firjin suna Alhaji, wai fari ne tas, yana zaune ba ya aikin komi, kowa na yi masa hidima. "Alhaji ya sha?" in ji ta, in ta ga an wuce da galan. In kananzir ya yi wuya a gari, fitilun gida ne ke haƙura, Alhaji ba ya haƙura. Da azumi, cikin bazara, yaran gidan suna jin ƙanƙara na ƙara a cikinsa, amma ko moɗar ruwa ba a taɓa sa musu ba, don jinin shanu masu ciwo ne a ciki.

Mai kula da Alhaji matar taubashina ce. Ita ke gyara lagwani safe da yamma, ta durƙusa ta leƙa ta ga wutar shuɗiya ce ba ja ba. Ita ke juya injin hannu da goyo a bayanta, ta tashi ta duba tukunya, ta dawo. Ita ke dafa kwalabe a tukunyar da ya hana a yi girki da ita. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, amma 'yar Fulani ce ta asali, da ciwo zai kashe ta ba za ta ce wash ba, don haka shirunta ba shaida ba ne.

Na taɓa kai masa ziyara can Turai yana ɗalibi. Na ga abokan aikinsa, ƙarfe biyar na yi su tuɓe farar riga, su rataye, su ja ƙofa. Firjinsu yana can yana aiki da lantarki, ba ya neman matar kowa ta durƙusa masa. Gida daban, wurin aiki daban, tsakaninsu jirgin ƙasa. Wannan tsari ne aka ɗauko aka ɗora a Bukkuyum, aka ce a kawo sakamako iri ɗaya, a lokaci iri ɗaya. Ba wanda ya tambayi wa zai zama lantarkin. A can aiki na cin yinin mutum ya bar masa dare. A nan ya shigo har tsakar gida ya zauna.

Yanzu sai in faɗi abin da kowa ya sani a garin nan, ba a dai faɗi a zaman makoki. Ba na nan aka yi shi, ina Jidda. Na ji shi daga bakin Inna, daga bakin matarsa bayan ta tsufa, da kuma daga nasa bakin.

Ɗan farin nan yana goye ubansa ya tafi karatu. Da aka yaye shi aka miƙa wa Inna, kamar yadda aka saba. Uwarsa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi gabanta sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Ubansa ma haka. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma duk mun tashi cikinta. Na zauna a Hartum, na zauna a Jidda, inda ake kiran namiji da sunan ɗansa na fari, Abu wane, ya amsa yana washe baki a tsakiyar kasuwa. Mu kuwa mun ɓoye namu kamar abin sata. Al'adar ba ta cutar da yaro muddin kaka na nan, don ita ke da bakin yin kururuwa a kansa. Inna tana kiransa angonta, tana tauna masa goro. Ita kaɗai ke da wannan izini a gidan.

Cikin wata bazara, lokacin da shanu ke taruwa bakin gulbi kuma lokacin da sanƙarau ke yawo, Inna ta tafi suna Anka. Yaron yana da shekara shida ko bakwai. A safiyar da za a kai jinin rani gaba ɗaya jami'a, an riga an fasa ƙanƙara an jera kwalabe cikin akwati. Farfesa zai tashi da su zuwa ƙasarsu a ƙarshen mako, kuma a kansu za a yanke ko a sabunta wa'adi ko a sallama. Surukin taubashina, arɗo, ya shigo gari cin kasuwa, yana zaune a zaure. Matar taubashina ta tare mijinta a bakin shigifa, inda mahaifinta ke iya jin komi.

Ta ce, "Akwai zazzaɓi cikin gida."

Ya ce, "Wa?"

Ta dubi ƙasa. Da 'yar da ke bayanta ce, da ta faɗi suna. Ya gane.

"Tun yaushe?"

"Tun jiya."

Ita ta ce mini ta ƙara da cewa wuya ba ya juyawa. Shi ya ce ba ta kai ga faɗin wannan ba. Dukansu biyu ba maƙaryata ba ne, kuma ban iya raba musu ba. Abin da ba su yi saɓani a kai ba shi ne bai shiga ɗakin ya duba yaron ba. Uba ba ya rugawa kan ɗan fari surukinsa na kallo. Ya zaro ƙwayoyin zazzaɓi daga aljihu ya ba ta, ya ce, "A ba shi wanga, jibi ina dawowa." Ita ba ta ce tsaya ba, don uwa ba ta roƙo a kan ɗan fari gaban ubanta. Arɗo ya ji duka, bai ce uffan ba, don ba ya shiga tsakanin ɗiyarsa da mijinta. Manya uku, kowa na son yaron, kowa ya kiyaye mutuncinsa. Motar da ke iya kai shi asibiti, ita kaɗai a unguwar, ta tashi da jinin shanu.

Washegari da azahar Inna ta sauko daga motar kasuwa. Ta shiga ɗaki, ta fito ba kallabi, tana kiran sunan yaron da ƙarfi har maƙwabta suka fito. Ita ta tsayar da wata babbar motar hatsi, ta tsaya gabanta a tsakiyar hanya, aka ɗauke su zuwa Gummi. Likitoci suka yi iya yinsu, ya rayu. Da ya farfaɗo Inna ta yi masa magana, ya bi bakinta da ido, ya ce, "Inna, ɗaga murya."

Jinin ya isa lafiya. Ko kwalba ɗaya ba ta lalace ba. An sabunta wa'adi.

Da taubashina ya dawo Inna ta sa aka kira shi ɗakinta. Ta gaya mini maganar da ta yi masa, kuma shi bai musa ko kalma ba.

"Ka ci tuwo tsaye, ban ce komi ba. Anka yi sunan ɗiyan ƙanenka ba ka zo ba, kac ce aiki. Ka mai da shigifar ubanka wurin jini, na yi shiru. Al'adun gidanga duk ka yar da su ɗaya ɗaya. Sai wagga kar riƙe, ranar da tay yi maka rana. Hwaɗa mini, kunya ta, ko ƙanƙara ta?"

Sa'an nan ta nuna masa ƙofa. Ta ce, "Tashi, jini na jiranka."

Daga ranar ba ta ƙara kiran firjin nan da suna ba. Bayan shekaru, muna zaune mu biyu a bakin gulbi muna jiran a kamo wani bijimi, na maimaita masa tambayar Inna. Taubashi na iya tambayar abin da wa da ƙane ba sa iyawa. Na yi zaton zai zage ni kamar kullum. Ya daɗe yana goge allura, sa'an nan ya ce, "Bawa, da na sani, da na hwaɗa wa Inna."

Kada a ce bai yi ƙoƙari ba. Na gan shi da idona, bayan abin ya faru, ya ɗora yaron a cinya a bakin tagar shigifa, ƙofa a buɗe, kowa na wucewa yana gani. Ya karkata madubi ya kamo rana, ya nuna masa ƙwayoyin sammore suna wutsil-wutsil tsakanin jini. Abu ne da ba ya buƙatar kunne. Yaron ya yi dariya. Kunyar da ta gagara ajiyewa rabin sa'a a waccan safiya, ga ta an ajiye ta gaba ɗaya, bayan ta gama aikinta. Amma yara suna girma, kuma garinmu ba ya riƙe magana. Wani ya ba shi labarin motar, da hannu ko da baki. Da Inna ta rasu, ya bi kakansa arɗo ruga, bai ƙara kwana a gidan ubansa ba.

Aikin kansa bai kai ko'ina ba. Tsakiyar shekarun tamanin, da ƙasa ta shiga matsi, farfesa ya koma gida, aka rufe binciken, aka zo aka karɓi mota. An buga sakamakon a wata mujallar masana ta can. Ya nuna mini, sunansa na uku a jeri. A ƙasa an gode wa waɗanda suka ba da kayan aiki. Na karanta Turancin sau biyu ina neman inda aka ambaci mai gyaran lagwani, ban gani ba. Kujerar da ya yi ta jira ba ta zo ba. Ya koma koyar da kimiyya a makarantar sakandare har ya yi ritaya. Sammore kuwa tana nan inda ya same ta.

Duk da haka bai bar shanu ba. Makiyayi bai taɓa sallama a ƙofarsa ya koma da saniyarsa ba a duba ba, kuma in talaka ne, ko ƙwaryar nono aka kawo sai ya ce a mayar wa yara. Kowace shekara, kafin damina, yakan hau babur ya je rugar ɗansa ya yi wa garkensa allura. Na raka shi sau da yawa. Ɗan ya kama ƙaho ya murɗe kai, uban ya sunkuya a wuya. Ba sa buƙatar alama, hannun wannan ya san abin da na wancan zai yi. Ban taɓa ganin mutum biyu da aikinsu ya dace haka ba. Su gama garke duka, a kawo fura, uban ya sha a tsaye, ya hau babur. A hanya ya ce mini, "Ka ga yadda yake riƙon sa? Ba a kai shi ba duk yankinga." Na ce, "To ka gaya masa mana." Ya ce, "Kai dai bawa ne, ba ka san komi ba."

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, wata la'asar muna ɗakin, ni da matarsa da ƙananan 'ya'yansa, sai ya kira sunan ɗan farin. Sarai, gaban kowa. Matarsa ta rufe fuska da mayafi. Aka tura babur ruga.

Ɗan ya zo washegari. Ya tuɓe takalmi, ya shiga, ya durƙusa a gefen gado, ya sunkuyar da kai kamar yadda ɗa mai tarbiyya ke yi gaban mahaifi. Taubashina ya tattara ƙarfinsa ya fara magana. Ya faɗi safiyar nan tun daga farko, akwati da zaure da ƙwayoyin da ya zaro daga aljihu. Bai ɗora wa kowa ba. Ya ce, "Ban shiga na dube ka ba. Ka yahe mini." Ɗan yana kallon tabarma. Uban ya ce, "Ɗago ka dube ni." Ɗan yana kallon tabarma. Uban ya miƙa hannu, bai kai ba. Ƙanensa ya taɓa masa kafaɗa, ya nuna masa gado. Ya ƙara sunkuyar da kai, irin na ladabi, wanda ba malamin da zai ce ya yi laifi. Da numfashin uban ya gaza ya yi shiru, ɗan ya ce, "Allah shi ba da lahiya," ya tashi da baya da baya ya fita.

Bayan kwana biyu aka yi rasuwar.

Ranar sadakar uku, da jama'a suka rage, na sami ɗan farin bayan gida yana kwance igiyar baburinsa. Na tsaya gabansa inda zai ga bakina. Ni yana kallona, kullum.

Na ce, "Ka san abin da yac ce maka rannan?"

Ya ce, "Baffa, mi yac ce?"

"Gahwara yan nema."

Ya gyaɗa kai, kamar an gaya masa farashin gero.

Na ce, "To?"

Ya ce, "Shekara nawa shina zuwa ruga, Baffa? Kullum ina kallon bakinai." Ya ɗaure sandarsa a bayan babur. "Uwata na ciki, ka ce mata gobe ina aiko da nono."

Ban matsa masa ba. Na yi tafinta tsakanin Larabawa da Hausawa, tsakanin Faransawa da Fulani, na sasanta mutanen da ba su da kalma ɗaya ta tarayya. Wannan ban san ta inda ake fassara shi ba.

Wanda duk ya karanta wannan, in marigayi ya taɓa duba masa dabba, ko ya koya masa wani abu a aji, ya yi masa addu'a. Mutum ne mai gaskiya da ƙwazo, wanda aka ɗora wa aikin da ba a auna shi da gidajenmu ba, ya ɗauka, ya kuma ɗora wa waɗanda ba a tambaye su ba. Ni na yafe masa duk abin da ke tsakaninmu, har da bautar da ya sa ni. Sai dai ba ni ya roƙa ba.

Allah Ya jiƙan taubashina, Ya yalwata masa kabari, Ya sanyaya zuciyar wanda hakkin yake hannunsa.